Ruwan da na yi ta ɗura wa bishiyar kuɗina

Har yau in na kalli gurbin da ke cikin kitson bishiyar nan ta ado da ake kira bishiyar kuɗi, sai raina ya sosu. Sanda biyar aka kitsa wuri guda lokacin da na saye ta wurin masu sayar da fulawa a bakin titi. Yanzu saura uku, kuma ni na kashe biyun da hannuna.

Na karanta cewa Pachira aquatica, sunanta na kimiyya ke nan, asalinta a fadamu da bakin koguna take fitowa, tun daga Meziko har arewacin Brazil. Sai na ce ashe mai son ruwa ce. Kullum da safe sai na zuba mata kofi guda. Da ganyen ya fara komawa ruwan ɗorawa yana zubewa, na ɗauka ƙishi ne saboda hunturu ya shigo, sai na ƙara ruwan. Wannan ƙarin ne ya fi ci mini rai, don ita tana nuna mini ya ishe ta, ni kuwa ina ƙara mata.

Ranar da na matsa gindin sanda ɗaya, yatsana ya lume kamar a cikin ayabar da ta nuna ta wuce. Na juye tukunyar a kan buhu. Babu huda ko ɗaya a ƙasanta! Ƙasar ta zama taɓo, tana warin kwata, saiwoyin sun yi baƙi suna saɓulewa. Can ƙarƙashin ƙasa kuma ga wata roba da aka ɗaure sandunan da ita tun suna ƙanana, ta nutse cikin ɓawonsu. Duk wanda ya sayo mai kitso, don Allah ya tona gindin ya yanke robar nan.

Na datse ruɓaɓɓun saiwoyin, na sake mata tukunyar ƙasa mai huda, na gauraya ƙasar da yashi da ɗan gawayi. Na ajiye ta kusa da taga, bayan labule, inda rana ba ta dukanta kai tsaye. Ruwa kuwa sai na cusa yatsa har gaɓa biyu na ji a bushe, wani lokaci sai ta kwana 10 ban ba ta ba.

Bayan mako shida ta fito da sabon toho mai 'yan ganye biyar. Alhamdulillahi. Amma kofin nan na fitar da shi daga falon gaba ɗaya.