Ranar da tsinkakken mai ya tsayar da matata takwas

Laraba, da dare.

Yau duk zaman Factorio, wasan kwamfuta na gina masana'antu, a gindin matatar mai ya ƙare. Da na buɗe wasan, bel ɗin da ke jigilar roba fayau, babu ko ɗaya. Roba kuwa idan ta yanke, jan allon lantarki ya yanke, shuɗiyar kwalbar bincike ma ta bi sahu. Ɗanyen mai cike da bututu, wuta lafiya lau, amma matata takwas ɗin nan sun yi tsit, ba harshen wuta ko ɗaya a bakin bututun hayaƙinsu.

Laifin na sauyin da aka yi jiya ne, daga tacewar farko zuwa ta biyu. Tacewar farko mai sauƙi ce: ɗanyen mai 100 ya shiga, gas 45 ya fito cikin daƙiƙa 5, shi ke nan. Tacewa ta biyu, wadda ake buɗewa da shuɗiyar kwalba, tana cin ɗanyen mai 100 da ruwa 50, ta haifi abu uku: mai kauri 25, tsinkakken mai 45, gas 55. To ga inda gizo ke saƙa. Matatar ba ta zubar da komai a ƙasa. Ƙofa ɗaya cikin ukun ta cika, aiki ya tsaya cak, ko da sauran biyun a bushe suke. Gas ɗin da ake nema ido rufe, ɗan uwansa da ba wanda ya kula da shi ne ya tare masa hanya.

Jiya tanki ɗaya-ɗaya kawai aka jona wa mai kauri da tsinkakke. Tanki na ɗaukar 25,000, adadin da ke cika ido har sai an yi lissafi. Matata takwas na fitar da tsinkakken mai 72 a daƙiƙa, wato kafin minti 6 tankin ya cika maƙil. Na mai kauri, 40 a daƙiƙa, ya ɗan fi minti 10. Ƙara tankuna jinkirta wahala ne kurum. Na ga masu jera goma sha, suna cirewa suna mayarwa duk sanda suka cika. Ni dai ban ɗauki wannan a matsayin gini ba.

Magani shi ne fasawa, a injin sinadarai. Mai kauri 40 da ruwa 30 su ba da tsinkakke 30 cikin daƙiƙa 2. Tsinkakke 30 da ruwa 30 su ba da gas 20, shi ma daƙiƙa 2. Injin fasa mai kauri ɗaya na shanye 20 a daƙiƙa, saboda haka biyu sun ishi matata takwas. Su biyun suna ƙara tsinkakke 30 a kan 72 ɗin can, ya zama 102. Injin fasa tsinkakke na shan 15 a daƙiƙa, bakwai ke nan. Matata takwas, injin fasa mai kauri biyu, na tsinkakke bakwai. Cikakken lissafin 20 da 5 da 17 ne, amma wa ke da ɗanyen man ciyar da matata ashirin a wannan matakin? Takwas ɗin ma 160 suke sha a daƙiƙa, alhali rijiyar da ke kan kashi 100 cikin 100 goma take bayarwa, kuma kullum raguwa take yi.

Ribar ba kaɗan ba ce. Da tsohuwar tacewa, gas 72 a daƙiƙa. Da sabuwa, in an fasa komai, 156, daga ɗanyen mai daidai wa daida. Injin roba ɗaya na cin gas 20 da gawayi ɗaya ya fitar da roba biyu a daƙiƙa, ka ga daga injin uku da rabi an haura bakwai. Ruwa ba abin damuwa ba ne, duka-duka 212 ake bukata, famfon bakin tafki ɗaya na jawo 1,200.

Inda na fi daɗewa shi ne kan mai kauri, domin ba a fasa shi duka. Da shi kaɗai ake yin giris, 10 ya ba da 10, kuma babu giris babu injin lantarki, babu mutum-mutumin dako, babu shuɗin bel. In aka bar injinan fasawa a buɗe, za su lashe shi tas, injin giris ya zauna da ƙishi. Sai na sa famfo tsakanin tankin mai kauri da injinan fasawa, na ja jar waya daga tanki zuwa famfo, na ɗora sharaɗi: kada ya tashi sai mai kauri ya wuce 20,000. Bututun giris kuwa kai tsaye daga tanki, ba famfo ba sharaɗi. Haka na yi wa tsinkakke, saboda nan gaba man roka zai nema, kuma shi ya fi araha wajen yin daskararren makamashi: 10 ke ba da ɗaya, sauran biyun sai 20.

Kuskure biyu suka ci mini lokaci. Na farko, famfo na da gaba da baya, na dasa ɗaya a juye, yana ƙoƙarin jan mai daga injin zuwa tanki. Wayar daidai, sharaɗin daidai, amma shiru. Maɓallin R ya gyara. Na biyu, ragowar gas ya maƙale a wani tsohon bututu da na so in mayar na tsinkakke, wasan ya ƙi yarda in jona. Sai an danna bututun an zubar da abin da ke ciki da ɗan maɓallin shara. Tun daga nan na bar Alt a kunne, ina ganin alamar kowace ƙofa kafin in ɗora bututu, kuma duk inda layi biyu za su gifta juna na bi da ɗaya ta ƙarƙashin ƙasa, tunda bututun sama da zarar ya taɓa maƙwabcinsa sai su haɗe.

Wajen ƙarshen zama harsunan wuta takwas suka dawo, roba ta fara gangarowa. Saura matsala ɗaya da na hango: ranar da gas ɗin kansa zai cika, in roba da farar wuta sun yi yawa a bel, komai zai sake tsayawa, giris ma ya yanke. Gobe zan sa injin daskararren makamashi biyu a bayan famfo mai sharaɗin gas ya wuce 24,000, in tura abin da suka fitar zuwa tukwanen tururi.