Falwayar da ta tsiro a kan marini

Shekara biyu na yi ina ɗaukar hoto da wayata ina ɗorawa a Facebook, ban taɓa jin wanda ya ce mini ga kuskure ba. Wannan ya ce Masha Allah, wancan ya ce Allah ya ƙara basira. Na gode da addu'ar, amma hotunana na ƙarshe ba su fi na farko da komai ba.

Gyara ya zo mini ne daga wani dattijo mai shagon hoto a unguwarmu, wanda ya fara sana'ar tun zamanin da ake sa wa kyamara fim. Na kai masa hotuna biyar da na ɗauka a marinar Ƙofar Mata, a nan Kano, don ya wanke mini. Wanda na fi ji da shi na wani marini ne a tsugune bakin karofi, ya ɗago zane daga ruwan shuni yana ɗiga. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Ɗana, me kake so in kalla a nan?" Na ce, "Baba, marinin mana." Sai ya ɗora yatsa a kan hular mutumin. Wallahi sai a lokacin na ga wata falwaya da ke can bayansa ta fito daidai tsakiyar kansa, kamar daga nan ta tsiro. A kusurwar ƙasa ga jarka rawaya, a gefe ga rabin ƙafar wani mai wucewa. Ya yaga ambulan biyu, ya rufe jarkar da ɗaya, ya rufe ƙafar da ɗaya. Nan take shuɗin zanen ya fito, fuskar marinin ta cika hoton. Ya ce ido wurin da ya fi haske yake fara zuwa, shi ya sa jarkar nan ta ƙwace wa marinin hotonsa.

Na ji zafi a raina, ba zan ɓoye ba. Amma washegari na koma.

A zamaninsu, in ji shi, fim ɗaya hoto 36 yake ɗauka, kowanne kuma kuɗi ne, don haka kafin ya danna sai idonsa ya zagaya kusurwa huɗun hoton tukuna. Mu kuwa muna danna talatin a minti ɗaya, duk da kuskure iri ɗaya. Shi ya sa na kunna layukan nan na kyamarar waya, biyu a tsaye biyu a kwance, masu raba allo gida tara, na koyi ajiye idon mutum kusa da inda suka haɗu. Da na kawo masa hotunan Hawan Daushe, ya nuna mini yadda hancin doki ya daki bakin hoton. Ya ce in bar wa doki fili a gabansa, ina zai sukwano in na toshe masa hanya? Haske kuma ya ce in nemi hantsi ko bayan La'asar, domin rana tsaka inuwa take zubawa a ramin ido.

Abin da ya fi zauna mini shi ne yadda yake gyaran. Bai taɓa cewa hoto bai yi kyau ba ya yi shiru. Abu ɗaya yake ɗauka a kowane hoto, ya nuna shi da yatsa, ya faɗi inda ya kamata in tsaya. Haka nake yi wa ƙanena yanzu idan ya turo mini nasa, kuma da tambayar Baba nake farawa.

Sau ɗaya muka saɓa. Na ɗauki ƙofar Gidan Makama na sa ta tsakiya cif, ya ce in gusar da ita gefe. Na ce Baba, daidaiton ginin nake so a gani. Ya sake dubawa, ya ce tunda na san dalilina in bar ta.

Bayan wata guda na koma Ƙofar Mata da hantsi. Falwayar tana nan inda take. Na gaisa da marinin, na nemi izininsa, na matsa taku biyu hagu, na tsuguna daidai tsayinsa, na jira har mai jarka ya ɗauke abinsa.