Wasiƙa daga Shikago: amsa ga masu cewa "ba duk Amurka kuke ba?"

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ga gaisuwa a dunƙule, kowa ya ɗauki rabonsa.

Tambaya ɗaya ce ta ishe ni. Duk wanda ya kira sai ya ce, "Kana ganin Yaya kuwa? Ba duk Amurka kuke ba?" Wani har saƙo yake ba ni in miƙa wa ƙaninsa, sai ka ce katanga ce ta raba mu. To, a kakar nan mun ɗauki hutu ni da uwargida da yara, muka hau hanya muka zaga dangi da abokan arziki. Zan ba ku labarin hanyar, da na mutanen, da na ganyayen nan masu launi da kuke gani a hoto kuna cewa an yi musu kwaskwarima.

Amurka ta ninka Najeriya fiye da sau 10 a faɗin ƙasa. Daga Shikago inda muke zuwa Niyu Yok inda Yaya take kusan mil 800 ne, wajen kilomita 1,300 ke nan, tuƙin awa 12 idan ko shan ruwa ba ka tsaya ba. Wannan kuwa ko sulusin ƙasar daga gabas zuwa yamma bai kai ba. Mu ma ba miƙewa muka yi ba, mun karkata ta Kolombos a jihar Ohayo wajen wani abokina na makaranta, sannan muka ratsa jihar Fensilbeniya.

Titi kam ba abin cewa. Manyan hanyoyin da suka haɗa jihohi, shugaba Eisenhower ne ya sa hannu a dokar gina su a 1956, kuma lambobinsu ba da ka aka sa su ba. Lambar da take rabuwa biyu daidai, irin 70 da 80, gabas da yamma take bi. Wadda ba ta rabuwa, irin 65 da 95, kudu da arewa. Wanda ya riƙe wannan, ko wayarsa ta mutu ya san inda ya sa gaba.

Abin da ya tsaya mini a rai kuɗin hanya ne. A babbar hanyar Fensilbeniya, wadda aka buɗe tun 1940, an daina karɓar tsabar kuɗi tun 2020. Babu mai miƙo hannu, babu sandar da za a ɗaga maka. Kana tafe da gudunka, kyamara tana rataye a sama. Idan kana da 'yar na'urar nan ta E-ZPass manne a gilashin gaba, nan take za a cire daga asusunka. Idan ba ka da ita, a ɗauki hoton lambar motar, takardar biya ta biyo ka gida ta gidan waya, kuma kuɗin ya fi na mai na'ura. Ka gama ziyara, ka dawo, gajiya ta sake ka, sai ambulan su fara sallama ɗaya bayan ɗaya, kowace jiha da tata.

Mu motar haya muka ɗauka saboda tamu ta tsufa, to a nan aka yi ta. Takardar ba ni take zuwa wa ba, kamfanin haya take zuwa wa. Su biya, su cire daga katin bankina, su ɗora nasu ladan a kai. Ladan nan a wani wurin ya fi kuɗin hanyar kansa. Na kira su, wata murya mai ladabi ta ce ai yana cikin yarjejeniyar da na sa wa hannu. Yana ciki kuwa, can ƙasan shafi, da rubutun da sai an sa tabarau. Wanda kuma ya sauya gida bai sanar da ofishin rajistar mota ba, takardarsa tana can tana zuwa tsohon gida, tara tana hawa, har ta kai a dakatar masa da rajista yana zaune bai sani ba. Duk mai shirin zuwa ƙasar nan, ya koyi buɗe kowace ambulan a ranar da ta zo, ya kuma karanta takarda kafin ya sa hannu ko da layi ya taru a bayansa. Gadar George Washington ce kaɗai ta ba ni dariya: shiga Niyu Yok ake biya, fita kyauta ce.

A jihar Niyu Jasi na fito zan zuba mai da kaina kamar yadda aka saba ko'ina, ma'aikacin ya ɗaga mini hannu in koma mota. Dokarsu tun 1949 ta hana direba zuba wa kansa, kuma yanzu su kaɗai suka rage a kan haka.

Sai maganar agogo. Daga Shikago, ba ka yi nisa cikin jihar Indiyana ba za ka ga awa guda ta ɓace, domin Shikago da gabashin ƙasar ba lokacinsu ɗaya ba. Muna can kuma Lahadin farko ta Nuwamba ta zo, ranar da ake mayar da agogo baya da awa ɗaya. Washegari rana ta faɗi kafin ƙarfe 5. Kana idar da La'asar ka ɗan juya, sai Magariba. A hanya ƙasaru muka riƙa yi muna haɗawa, a gefen ciyawar wuraren hutun matafiya, alƙibla tana arewa maso gabas, yara suna rawar ɗari cikin rigunan sanyi. Masu kira, ku lura: yanzu tsakaninku da Yaya awa 6 ne, tsakaninku da ni 7. Hantsinku tsakar darena ne.

Duhun nan da wuri shi ne haɗarin tafiyar kaka, saboda barewa. Nuwamba lokacin barbararsu ne, ga su birjik a dazukan Fensilbeniya, kuma da almuru da asuba suka fi tsallaka titi. Za ka ga allo ruwan ɗorawa da hoton barewa tana tsalle. Mun wuce gawarwakinsu a gefen hanya ba adadi, mun kuma ga wata mota gabanta ya lotse kamar ta yi karo da bango. Abin da direbobin nan suke faɗa shi ne, idan ɗaya ta gifta to akwai wasu a bayanta, ka taka birki ka riƙe sitiyari, kada ka kauce ka faɗa wa na gefenka. Da sassafe kuma gada tana riga titi daskarewa, tunda iska tana bi ta samanta da ƙasanta. Uwargida ce ta kafa dokar cewa in Magariba ta yi a nemi masauki, in barci ya fara fizgar direba a tsaya ko da saura mil 20. Na yi gunaguni, amma an bi. Da kowane mai jan mota da iyali a ciki zai bi wannan, a nan ko a wajenku, da an rage zaman makoki.

Mutanen kuwa duk lafiya. Zumunta a ƙafa take, amma a nan sai ƙafar ta nemi izini tukuna. Tun tsakiyar bazara muka fara daidaita ranaku, saboda Yaya aikin dare take yi, mijinta na rana, abokina na Kolombos kuma ba kowace Asabar yake samu ba. Da mun faɗo musu ba sanarwa, ƙofa a kulle za mu tarar, ba don rowa ba. Yaya ta ɗan rame, amma bakinta yana nan yadda kuka san shi. Yaranta da nawa sun shaƙu cikin awa guda, sai dai da Turanci, kuma wannan magana ce mai tsawo da zan bari sai wata wasiƙar.

Ganyaye ba kwaskwarima ba ce. Idan yini ya gajarta, koren da ke cikin ganye ya janye, sai ruwan ɗorawar da yake ɓoye ya fito, wasu itatuwan kuma su yi ja kafin ganyen ya kaɗe. Mun ɗan makara, a kan duwatsu yawanci sun zube.

Yaya ta so mu koma hutun godiya, Alhamis ta huɗu a Nuwamba, lokacin da tituna suke cika maƙil da matafiya. Na ce ta yi haƙuri. Gajeriyar hanyarmu tana bi ta kusa da Tafkin Erie, inda dusar ƙanƙara take iya rufe titi tun a watan nan, ga takardun kuɗin hanya ban gama biya ba. Sai sanyi ya wuce, in Allah ya kai mu.

Wassalam.