Me ya sa tsoffin waƙoƙin Kirsimeti suke da daɗi a bakin kwaya?

Karin tsoffin waƙoƙin Kirsimeti gajere ne, kuma shi ke ta dawowa baiti bayan baiti. Saboda haka gwanintar kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan majami'a, tana wajen yadda take rarraba muryoyi, don kada baiti na huɗu ya zama kwafin na farko.

Majami'ar King's College da ke Kambirij a Ingila ta nuna hanya. Tun 1918 take yin sujadar karatu tara da waƙoƙi a jajibirin Kirsimeti, BBC kuma ta fara watsa ta a 1928. Yaro ɗaya ne ke buɗe waƙar farko, shi kaɗai, babu kiɗa. Sai kwaya ta shigo a baiti na biyu, daga baya jama'a da ogan, wato babban abin kiɗan majami'a, su haɗu. A baitin ƙarshe masu siririyar murya sukan hau wani kari na daban a saman na jama'a, salon da David Willcocks, tsohon jagoran kwayar King's College, ya yi fice da shi. Wannan hawa mataki-mataki shi ne ke sa tsigar jiki ta tashi.

Muryoyin kwaya huɗu ne: sofrano, masu siririyar murya, ke riƙe da karin, alto da teno suna cike tsakiya, bas na ƙasa. Alto aka fi rainawa, amma da zarar sun yi rauni sai waƙar ta zama fanko.

Babbar matsala ita ce murya ta riƙa sauka ƙasa da ainihin karin a baitin da babu kiɗa. Numfashi ne ke ƙarewa a ƙarshen layi, muryar ta ɗan yi ƙasa, layi na gaba ya ɗora a kan wannan kuskuren. Idan ogan ta dawo, kowa zai ji saɓanin. Maganinsa a sa alamar numfashi a takarda tun wajen gwaji, a dogayen layuka kuma kada 'yan murya ɗaya su ja numfashi lokaci guda.

Sai matsalar jan waƙa, wato saurinta ya riƙa raguwa. A babbar majami'a sauti yakan daɗe yana yawo, jama'a su riƙa jiran abin da suka ji, sai waƙar ta yi ta nauyi. 'Yan kwaya su bi hannun mai jagora, kada su bi kunnensu. Mai ogan kuma ya riƙa ɗan yanke sauti tsakanin layuka don jama'a su san inda za su shigo.