Abin da na'urar auna ƙura ta nuna mana a Sharaɗa

Gidanmu yana cikin unguwannin da suka manne da masana'antun Sharaɗa a Kano. Mun daɗe muna kukan ƙura, amma duk inda aka kai ƙorafi amsa ɗaya ce: ai hazo ne, kowa a Arewa yana shaƙarsa. Wannan amsar ce ta sa ƙungiyar unguwa ta yi karo-karo ta sayi ƙananan na'urori biyu masu auna ƙurar iska, aka damƙa mini kula da su.

Na'urar lambobi biyu take bayarwa. PM10 ita ce ƙura mai ɗan kauri, wadda ke maƙalewa a hanci da maƙogwaro. PM2.5 kuwa ido ba ya ganinta, kaurinta bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na silin gashi ba, kuma ita ce ke zarcewa can cikin huhu, wata har ta shiga jini. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, bai kamata matsakaicinta a yini ya wuce maikirogiram 15 a kowace mita kubik ta iska ba.

Na'ura ɗaya na ɗaura a saman soronmu, ɗayar na kai gidan yayata a wajen gari, nesa da kowace masana'anta. Dabarar ke nan. Idan iskar hunturu ta kwaso hazo daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, lambobin gidajen biyu tare suke tashi. Ratar da ta rage a tsakaninsu kuwa, ba hazo ne ya kawo ta ba.

Da rana, tireloli da tifofi ne ke tayar da PM10 a hanyar da ba kwalta. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne dare. Daga tsakar dare zuwa asuba PM2.5 takan haura sosai a wajenmu, alhali a gidan Yaya tana kwance. A daren hunturu iska mai sanyi takan kwanta a ƙasa ta danne hayaƙin manyan janareto da na ɓuntun shinkafar da ake ƙonawa, ya rasa hanyar tashi. Lokacin ne yara ke barci, dattawa kuma ke fita masallaci. Da safe za ka tarar da baƙin ɗigo-ɗigo a kan shanyar da ta kwana a igiya, da a saman ruwan baho.

Na kuma koyi cewa laimar damina tana sa irin waɗannan na'urori su ƙara lamba, don haka nake rubuta yanayin kowace rana a gefen littafin da nake adana lambobin.

Da muka zauna da manajan wata masana'anta, mai unguwa ya tura masa littafin ya ce, "Yallaɓai, duba nan, ƙarfe huɗu na dare ne. Wane hazo ne ke zaɓar layinmu kaɗai?" Bayan zaman nan suka fara turo tankar ruwa tana yayyafa hanya, ƙurar rana ta ragu.

Hayaƙin dare dai yana nan. Muna rufe tagogi tun bayan isha'i, masu asma suna sa takunkumin N95, domin na yadi ba ya tare ƙura mai laushi. Mun haɗa kwafin littafin da takardar koke zuwa NESREA, hukumar tarayya mai tilasta bin dokokin muhalli, muna neman a zo a auna hayaƙin a bakin bututun kansa, kuma da daddare.