Yaron da kowa ya san rabinsa

Garejin gyaran babura nake da shi a Tudun Wada, cikin Gusau, kuma ban taɓa tunanin zan shiga harkar gyaran mutane ba sai da mai unguwarmu ya aiko kirana. A zaurensa na tarar da ɗan sanda, da jami'in walwala na gidan gyaran hali, da ɗan Hisba, da wani ma'aikacin NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ga kuma liman. Maganar wani yaro ce mai shekara 23 da zai fito daga gidan yari bayan sati biyu, karo na huɗu ke nan. Satar waya da batirin mota, kullum laifin ɗaya.

Abin da ya ba ni mamaki, kowa a zauren da irin yaron da ya sani. Ɗan sanda ɓarawo ya sani. Na NDLEA ɗan ƙwaya ya sani, mai shan taramol tun da sassafe. Jami'in walwala kuwa ya ce a ciki babu mai natsuwarsa, har walda ya fara koya. Mai unguwa ne kaɗai ya san cewa duk fitowar da ya yi, kawunsa rufe masa ƙofa yake, sai ya koma tasha ya kwana cikin tsoffin abokai. Shekara da shekaru suna juya yaro ɗaya, ba su taɓa zama tabarma ɗaya a kansa ba. Jami'in ya ce dokar 2019 da ta mayar da gidan yari gidan gyaran hali ta tanadi kula da mutum har bayan ya fito, amma takarda ba ta zuwa bakin ƙofa ta tarbi kowa.

Mu muka je. Da ya gan ni da liman sai ya tsaya riƙe da 'yar ledar kayansa, ya ce, "Baba, wani laifin ne kuma?" Liman ya riga ya shawo kan kawun, ni na ba shi gurbi a gareji, na NDLEA ya sa masa ranar zuwa shawara duk Talata.

Kurakuraina biyu ne. Na tara masa kuɗin sati na ba shi a dunƙule ranar Alhamis, ya ɓace kwana uku. Daga nan kullum da yamma nake sallamarsa, rabi a hannu, rabi a ajiye wurin mai unguwa. Na biyun ya fi ciwo: na ɓoye wa sauran yarana tarihinsa, suka ji a bakin mai shayi. Ranar da sifana mai lamba 10 ta ɓata, duk ido ya koma kansa, alhali tana ƙarƙashin wani babur. Bai ce uffan ba, amma ranar ko abincin rana bai taɓa ba.

A ɓacewar nan tasa, 'yan sintiri sun tsince shi a tasha cikin maye. Da a da ne, sai caji ofis, sai kotu. Wannan karon ɗan sandan yana da lambata, ya kira ni ƙarfe ɗayan dare, muka mayar da shi wurin shawara da safe. Wani ofishi ya yi mana alkawarin kayan aiki, har yau shiru, sai 'yan unguwa ne suka yi karo-karo aka saya masa akwatin sifanu.

Watansa goma sha ɗaya ke nan a wurina. Har yanzu ban ba shi makullin gareji ba, shi ma bai tambaya ba.