Kujerar bayan makaɗa

Asabar, Berlin.

Sha ɗaya ta wuce, amma barci ya ƙi zuwa sai na rubuta wannan. Da safe maƙwabcina, wani dattijo Bajamushe da ciwon gwiwa ya hana shi fita, ya ƙwanƙwasa ƙofa ya miƙo min tikitinsa na Philharmonie, babban zauren kiɗa na Berlin. Ya ce kujerar a bayan makaɗa take, kada in raina ta. Na yi magariba, na ɗaura mayafi biyu saboda sanyi, na tafi.

Ashe gaskiyarsa. Wanda ya zana ginin, Hans Scharoun, a tsakiya ya ajiye dandamalin, jama'a suka kewaye shi kamar dandalin dambe. Tun 1963 haka zauren yake. Don haka ƙeyar makaɗa nake gani, fuskar jagoransu Kirill Petrenko kuwa tana kallona.

A gida, mai jan tawaga shi ke rera waƙa, 'yan amshi su karɓa, kalangu ya bi muryarsa. Wannan bai buɗe baki ba, bai taɓa goge ko ganga ba. Ɗan sanda siriri a hannun dama yana auna lokaci, hagu kuwa tana roƙo, tana tsawatarwa, tana lallashi. Akwai inda ya durƙusa kaɗan ya kai yatsa kusa da leɓe, sai masu goge wajen 30 suka yi ƙasa da sauti har na ji numfashin matar da ke kusa da ni. Sai ya ɗaga gira ga mai busa guda ɗaya, mutumin ya shigo kamar an kira sunansa. Tsigar jikina ta tashi, wallahi.

A jirgin ƙasa na tuna abin da dattijon ya gaya min. A Omsk ta Sibiriya aka haifi Petrenko a 1972, yana ɗan shekara 18 iyalinsu suka koma Ostiriya. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne Meiningen, ƙaramin gari a Jamus, inda a 2001 ya ja ragamar manyan wasannin opera (wasan kwaikwayo da ake rerawa cikin waƙa) huɗu na Wagner, Bajamushen marubucin kiɗa, cikin kwana huɗu a jere, bai cika 30 ba. A opera jagora yana cikin rami gaban dandamali, dole ya riƙe makaɗa, ya kuma bi numfashin mawaƙin da ke yawo a sama. Daga nan ya koma Komische Oper, wani gidan opera a Berlin, sai gidan opera na Munik. A 2015 makaɗan Berlin da kansu suka jefa ƙuri'a suka zaɓe shi, ya kama aiki 2019. Mutanen da ya tsaya gabansu yau su suka ce shi suke so.

Da aka gama ya matsa gefe, ya riƙa nuna makaɗa ɗaya bayan ɗaya su tashi a tafa musu. Gobe zan dafa wa Baba maƙwabci shinkafa da miya, in tambaye shi yadda ake samun wannan kujerar.